Tsanani a aji da ba da maki: yadda malami zai riƙe ɗalibai ba tare da ya zama dodo ko abin wasansu ba

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san shawarar nan da ake ba sabon malami ranar da ya fara aiki, wai ka ɗaure fuska tamau, ka samu wani mai rawar kai ka yi maganinsa gaban kowa tun ranar farko, sannan gwajin farko ka matse maki yadda kowa zai san ba da wasa ka zo ba. Nima an bani ita kuma na ɗauka. Gwajin farko da na yi wa ajina da gangan na sa tambayoyin da na san ban koyar da su da kyau ba, fiye da rabin ajin suka faɗi, kuma gaskiya ajin ya yi tsit bayan nan. Amma akwai wata yarinya da kullum hannunta na sama tun satin farko, daga ranar da na raba takardun nan bata sake ɗaga hannu ba har zangon ya ƙare, kuma har yau abin yana damuna domin ba ita ta gaza ba, ni ne na yi amfani da maki a matsayin sanda.

Toh ni dai bana cikin masu cewa a saki yara su yi abin da suka ga dama, ajin da babu doka a cikinsa yaro mai shiru da yaro mai rauni su suka fi cutuwa, masu hayaniya su cinye lokacin kowa. Ina tare da tsanani ɗari bisa ɗari. Sai dai tsananin da nake nufi shine ɗalibi ya san abin da zai biyo baya tun kafin ya aikata, kuma abin da ka ce zai faru ya faru, yau da gobe da jibi, ga ɗan gaban goshinka da wanda jininku bai haɗu ba. Zafin hukunci wani abu ne daban. Wata mai bincike Judith Kleinfeld da ta yi nazarin malamai masu koyar da yaran 'yan asalin jihar Alaska ta Amurka, a 1975 ta rubuta cewa waɗanda suka fi cin nasara su ne masu sakin fuska da jan yara a jiki amma kuma basa ɗaga ƙafa ko kaɗan a kan aiki. Wannan haɗin shi za mu bi mataki mataki.

Mataki na farko: ka gama shawara da kanka kafin ka taka ƙofar aji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zauna da biro da takarda ka rubuta abubuwan da in aka yi su karatu ba zai yiwu ba, ba abubuwan da ke ba ka haushi kawai ba, domin waɗannan biyun ba ɗaya bane. Yaro yana juya biro a hannu yana iya ba ka haushi amma bai hana kowa karatu ba. Yaro yana magana lokacin da wani ke amsa tambaya, wannan ya hana.

Ka tsaya kan dokoki uku zuwa biyar. In suka kai goma sha biyar kai kanka ba zaka iya tuna su ba balle ka tsare su, kuma duk dokar da ka kafa ka kasa tsarewa tana koya wa yara cewa maganarka ba ta da nauyi. Ka rubuta su da abin da za a yi, yadda ido zai iya gani. "A yi ladabi" ba doka bace domin kowa da yadda ya fahimci ladabi. "In mutum ɗaya yana magana sauran suna saurare", "kowa yana kan kujerarsa da littafinsa a buɗe kafin a fara", "ba zagi ba duka ba yi wa wani dariya in ya yi kuskure", waɗannan kam ko yaro ɗan shekara bakwai zai iya ce maka an karya ko ba a karya ba.

Sannan ka duba dokokin makarantar da kake aiki, kar ka yi alƙawarin hukuncin da ba ka da ikon zartarwa. Malamin da ya ce "zan kore ka daga makarantar nan" alhali bai isa ba, washegari yaron ya dawo ya zauna a kujerarsa, ya gama zubar da girmansa da hannunsa.

Mataki na biyu: satin farko da na biyu, ka koyar da tsarin kamar yadda kake koyar da darasi

Nan ne yawancinmu muke sakaci. Muna karanta dokoki sau ɗaya ranar farko, mu ɗauka an gama, bayan sati uku mu fara ihu wai yaran nan basa ji. Wasu masu bincike a Jami'ar Texas, Edmund Emmer da Carolyn Evertson da Linda Anderson, sun shiga azuzuwan firamare tun ranar buɗe makaranta suna kallon abin da malamai ke yi a makonnin farko, suka fitar da sakamakon a 1980. Malaman da ajinsu ya zauna lafiya har ƙarshen shekara su ne waɗanda suka ɓata lokaci a farko suna koyar da ƙananan abubuwa, suna sa yara su gwada, suna gyarawa nan take.

Ƙananan abubuwa kamar me? Yadda ake shigowa aji. Abin da yaro zai yi in ya makara, ya shigo shiru ya zauna ko ya tsaya a ƙofa. Yadda ake miƙa takardu daga baya zuwa gaba. Alamar da zaka yi in kana son shiru, ɗaga hannu ko ƙirga uku. Abin da mutum zai yi in ya riga kowa gama aiki, domin wallahi rabin fitinar aji daga yaron da ya gama bashi da abin yi take farawa. Kowane ɗaya ka faɗa, ka nuna, ka sa su yi, in bai yi daidai ba ka ce a sake, ba da faɗa ba, kawai "mu sake". Zaka ji kamar kana asarar lokacin darasi amma minti biyar da kake ɓatawa kullum wajen neman shiru, in ka tara su a kwana ɗari minti 500 ne, sama da awa takwas kenan.

A satin nan ne kuma zaka haddace sunaye. "Kai mai jar jaka" da kiran yaro da sunansa ba ɗaya suke a kunnensa ba.

Mataki na uku: ka gina tsanin hukunci, ka fara daga matakin ƙasa

Wannan shi ne zuciyar maganar don haka zan ɗan daɗe a kai. Jacob Kounin, wani masanin ilimi a Amurka, ya ɗauki bidiyon azuzuwa da yawa yana neman ya gano wane irin tsawa ko hukunci ne ya fi aiki, a 1970 ya fitar da abin da ya gano, kuma abin ya zo ba yadda aka zata ba. Malaman da suka iya riƙe aji da waɗanda basu iya ba, bambancinsu wajen hukunta laifi bayan ya faru ba wani mai yawa bane. Inda suka sha bamban shine kafin laifin ya girma. Gwanayen kamar suna da ido a ƙeya, suna rubutu a allo amma sun san me ake yi a layin baya, suna kama abu tun yana ƙarami kuma suna kama ainihin wanda ya fara, ba wanda ya rama ba. Kuma darasinsu baya tsayawa cak yara su zauna zaman jira.

Don haka matakin ƙasa na tsaninka ba hukunci bane ma. Kallo ne. Ka kalli yaron ka ci gaba da bayaninka. Bai daina ba, ka taka a hankali ka tsaya kusa da teburinsa kana ci gaba da koyarwa, yawanci a nan maganar ke mutuwa ba tare da kowa ya sani ba. Bai daina ba, ka sunkuya ka faɗa masa a hankali abin da kake so ya yi, "buɗe shafi na 12 ka fara", sai ka matsa ka bashi 'yan daƙiƙu, kar ka tsaya a kansa kana huci kana jiran ya yi a gabanka, domin yaro musamman wanda ya fara tasawa in ka ƙure shi gaban abokansa zai zaɓi ya kare mutuncinsa ko da zai sha hukunci.

In ya wuce nan sai gargaɗi bayyananne, sau ɗaya tak: "wannan gargaɗi ne, in ka sake zaka koma kujerar gaba." Ya sake, ya koma kujerar gaba. Ba gargaɗi na biyu da na uku da "wallahi wannan ne na ƙarshe" sau bakwai ba. Yara suna ƙirgawa fa, sun san malam wane sai ya yi magana sau biyar kafin ya motsa, don haka huɗun farko kyauta ne.

Bayan canjin kujera sai tsayawa bayan darasi ku yi magana ta minti biyu ku biyu, sai rama aikin da ya ɓata a lokacin da zai so yana hutawa, sai sanar da iyaye, sai kai magana ga shugaban makaranta. Abubuwa kamar duka, barazana, cin zalin wani yaro ko zuwa da abin da zai ji wa wani rauni basa bin tsani, kai tsaye sama ake kai su kuma a rubuce.

Abubuwa uku nake roƙon ka kiyaye. Hukunci ya yi kama da laifi, wanda ya zubar da shara ya share, wanda ya ɓata lokacin aiki ya rama aikin, wanda ya zagi wani ya bashi haƙuri ya gyara. Kar ka hukunta aji gaba ɗaya saboda mutum biyu, ranar da ka yi haka yaran kirki sun koyi cewa kirkinsu bai tsinana musu komai ba kuma ka haɗa kansu a kanka. Sannan kar ka mayar da karatu hukunci, irin "rubuta shafi goma tunda ka yi surutu", kana koya masa da bakinka cewa rubutu azaba ne.

Akwai kuma abin da Kounin ya lura da shi tun da farko, cewa in ka yi wa yaro ɗaya magana sauran ajin duk suna ɗaukar darasi, gani ga wane kenan. Amma abin yana yanka ta gefe biyu. In ka gyara shi cikin natsuwa ka faɗi ainihin abin da ya yi, sun koyi dokar. In ka daka masa tsawa ka haɗa da gori kan ƙwaƙwalwarsa ko iyayensa ko talaucinsu, abin da suka koya shine kai mutum ne da ba a sakin jiki da shi, kuma yaron da ke tsoron a yi masa dariya ba zai taɓa ce maka bai gane ba.

Washegari kuma ka karɓe shi da sabuwar fuska. An yi laifi an yi hukunci an wuce. Malamin da ke riƙe yaro a zuciya har ƙarshen zango ya rufe masa ƙofar gyaruwa.

Maganar bulala

Na san wani zai ce duk wannan dogon turanci ne, bulala biyu ta gama magana. Eh tana kawo shiru nan take, ba zan musa ba. Amma ka lura da kyau, yaran da ake duka a watan farko su ne dai ake duka a watan ƙarshe, da tana gyara da layin ya ragu. Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekaru kusan hamsin da ya shafi yara sama da 160,000 a kan dukan da iyaye ke yi wa 'ya'yansu, suka wallafa a 2016, abin da suka samu shine duka yana tafiya tare da ƙarin taurin kai da faɗace-faɗace da damuwar zuciya, basu ga alamar yana ƙara biyayya mai ɗorewa ba. Ƙasashe da yawa sun daɗe da barin abin a makarantu, Suwidin tun 1958, Birtaniya ta yi dokar hana shi a makarantun gwamnati a 1986, sannan Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a sashi na 28 ta ce ladabtarwa a makaranta dole ta kiyaye mutuncin yaro. Ko ka ajiye duk wannan gefe, ka tuna hannu yana kuskure, ido ɗaya ko kunne ɗaya in ya lalace ba ya dawowa, kuma mafi yawan duka ana yin sa ne lokacin da malam ya fusata, lokacin da bai fi kowa iya auna abu ba.

Mataki na huɗu: ka raba hali da maki, kowa da littafinsa

Wannan ita ce dokar da na fi riƙewa da ƙarfi. Maki amsar tambaya ɗaya yake bayarwa, shin yaron nan ya iya abin da aka koyar ko bai iya ba. In ka cire wa yaro maki biyar saboda ya yi surutu, ka ƙara wa wata biyar saboda tana goge maka allo tana gaishe ka da ladabi, to lambar da ke kan katin sakamako ta daina faɗin gaskiya. Uba zai ga 70 ya ɗauka 'yarsa ta iya lissafi alhali ladabi ta iya, malamin aji na gaba zai gina a kan tubalin da babu shi, ita kuma sai ranar babbar jarabawa da baƙon da bai san ladabinta ba zai duba takardarta gaskiya za ta fito, lokacin da gyara ya yi wuya.

Hali yana da muhimmanci sosai, ka rubuta shi a gurbinsa, ka faɗa wa iyaye, ka yi hukunci a kansa da tsanin da muka gina. Amma kar ka taɓa cewa "zan haɗu da kai a jarabawa". Duk ɗalibin da ya ji wannan daga bakinka, ko ya faɗi da gaskiya ba zai yarda ba, zai ce malam ne ya kayar da ni, kuma ka bashi hujja.

Mataki na biyar: ma'auni a sama, amma a fili

Toh a matse maki ko a saki? Makin tausayi cuta ne, wannan ba ni da shakka a kai. Seth Gershenson ya bi bayanan ɗaliban aljebra a jihar North Carolina ta Amurka na kusan shekara goma, rahoton ya fito a 2020, ya ga cewa ɗaliban malaman da ba sa ba da maki da arha sun fi ƙoƙari a jarabawar ƙarshen kwas, har ma a darussan lissafin da suka biyo baya. Kafin shi David Figlio da Maurice Lucas sun ga makamancin haka a firamare a Florida a 2004. Dalilin ba ɓoyayye bane, in yaro ya san rabin ƙoƙari zai bashi A, rabin ƙoƙarin zai kawo.

Amma ma'auni mai tsawo daban, tarko daban. Abin da na yi a gwajina na farko tarko ne. Ga yadda ake yi:

Kafin ka ba da aiki ka rubuta yadda zaka raba makin. Misali insha'i mai maki 20: ma'ana da hujja 8, tsari 5, nahawu da ƙa'idar rubutu 5, tsafta 2. Ka rubuta a allo su kwafa. In zai yiwu ka nuna musu aiki mai kyau da matsakaici da mai rauni, ba suna a jiki, ku ba su maki tare a aji, zaka sha mamakin yadda yara ke da tsanani in aka basu biro.

Kar ka yarda da idonka kawai. A 1912 Daniel Starch da Edward Elliott sun aika takardun insha'in turanci guda biyu ga malamai 142 su ba da maki, takarda ɗaya ta samu daga 64 har 98, ɗayar daga 50 har 97. Takarda ɗaya fa, ba a canza ko waƙafi ba. Aka ce ai insha'i ne dole ra'ayi ya shiga, shekara ta gaba suka gwada da takardar lissafi, tazarar ta fi haka faɗi. Mu ma haka muke, takardar da ka duba da safe da wadda ka duba ƙarfe goma sha ɗaya na dare bayan ka gaji ba hukunci ɗaya suke samu ba. Maganinsa, ka naɗe wurin suna kafin ka fara, ka duba tambaya ta ɗaya a duk takardun kafin ka koma ta biyu, in ka gama ka dawo kan biyar ɗin farko ka ga ko hannunka ya canza a hanya.

Kar ka ƙayyade tun farko cewa mutum uku kawai za su samu A. In ashirin sun kai ma'aunin a ba ashirin, in babu wanda ya kai kar a ba kowa. Kuma in kashi biyu cikin uku na aji suka faɗi tambaya ɗaya, ka ajiye jan biro ka tambayi kanka, ko tambayar ce a murɗe ko darasin ne bai shiga ba, ka sake koyarwa ka sake gwadawa.

Gwajin farko kuma ka yi shi da wuri, sati na biyu ko na uku, ƙarami mai nauyi kaɗan a jimillar maki, amma ka duba shi da ainihin ma'aunin da zaka yi amfani da shi har ƙarshe. A nan ne suke gane inda sandar tsallake take tun da sauran lokacin da za su ƙara himma.

Mataki na shida: sifili, makara da satar amsa

Ka yi wannan lissafin da kanka. Yaro ya ci 80, 75, 85 a ayyuka uku, matsakaicinsa 80. Aiki na huɗu bai kawo ba ka sa masa sifili, jimilla 240 raba huɗu ya koma 60. Aiki ɗaya ya sauke shi maki 20, kuma 60 ɗin nan ba ta nuna abin da ya iya ba, ta nuna cewa ranar bai kawo aiki ba. In sifilin ya zama biyu yaron da kansa zai lissafa ya ga ko me ya yi ba zai farfaɗo ba, sai ya saki, kuma yaron da ya saki shine gobe zai dame ka a layin baya. Wani masanin ilimi Douglas Reeves ya yi rubutu a kan wannan a 2004, kuma wannan matsalar ce ta sa wasu makarantu suka koma sa mafi ƙarancin maki 50 maimakon sifili. Ni ban gamsu da ba da 50 a kan aikin da ba a yi ba, yara suna ganewa da wuri su mayar da shi hanya. Abin da nake yi shine in rubuta "bai kammala ba", kuma hukuncin rashin yin aiki shine yin aikin, a zauna a yi shi lokacin hutu ko bayan tashi. A gaskiya wannan ya fi sifili tsanani, domin malalacin yaro sifili sauƙi ne a wurinsa, ya karɓa ya huta.

Makara, ka sa ƙa'ida ɗaya ka sanar tun farko, misali ragin maki kaɗan da ba zai wuce kashi goma ba, da ranar ƙarshe da bayanta ba a karɓa. Ka bar ƙofa ga rashin lafiya da rasuwa da matsalar gida, kuma ka tambaya kafin ka yanke, sau da yawa yaron da kullum baya kawo aikin gida ba lalaci ne ke damunsa ba, wani bashi da wurin zama ya yi rubutu, wani raino yake, wani kuma bai iya karanta tambayar ba kunya ta hana shi faɗa.

Satar amsa kuwa ba sassauci. Aikin da aka sata ba a bashi maki domin ba nasa bane, a sanar da iyaye, a rubuta, a bi dokar makaranta, sannan ya sake wani a gabanka don a san ainihin abin da ya iya. Amma ka tabbatar kafin ka zarga, ka kira shi gefe ka ce ya yi maka bayanin yadda ya samo amsar, cikin minti biyu zaka gane. Yanzu da waya da intanet ke rubuta wa yaro insha'i cikin daƙiƙa, wannan tambayar baki da baki ta fi kowace dabara.

Mataki na bakwai: abin da zaka rubuta a gefen takarda

Ruth Butler ta yi wani gwaji a Isra'ila da aka wallafa a 1988, wasu yara aka basu maki kawai, wasu sharhi kawai, wasu maki da sharhi tare. Masu sharhi kawai su ne aikinsu ya ƙaru. Masu maki da sharhi tare kusan daidai suka fito da masu maki kawai, wato da yaro ya ga lamba sai ya leƙa ta maƙwabcinsa, sharhin da ka ɓata dare kana rubutawa ko kallonsa bai yi ba. Don haka a ayyukan yau da kullum ka mayar da takarda da sharhi, ka riƙe makin a littafinka sai sun gyara. Sharhin ya zama gajere, abu ɗaya da ya yi daidai, abu ɗaya ko biyu da zai gyara da yadda zai gyara. "Ka ƙara ƙoƙari" bata gaya masa komai ba. "Hujjarka ta biyu ba misali, kawo ɗaya" ta bashi aikin yi. Ka ware minti goma a aji don gyaran, in ba haka ba takardar jaka za ta shiga.

Kuma don Allah a daina kiran maki da ƙarfi daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Na ƙarshen ya riga ya sani.

In kuma ka riga ka fara da sakaci

Wataƙila kana karanta wannan a tsakiyar zango, aji ya riga ya hau kanka, ko kuma ka yi ta rabon maki kamar sadaka yanzu kana jin nauyin janyewa. Ana gyarawa, sai dai kar ka shigo ranar Litinin ka rikiɗe ka zama wani mutum ba bayani. Ka tsaya gabansu ka faɗa a fili cewa yadda ake tafiya karatu baya yiwuwa kuma kai ma da naka laifin da ka bari, daga yau ga abu biyu da za su canza. Biyu kawai, ka zaɓi waɗanda suka fi cin lokaci, yawanci shigowa aji da yin shiru in ana bayani. Ka koyar da su kamar satin farko. Ka sa rai za su gwada ka sosai kwana uku zuwa sati, har abin ya yi kamar ya fi da muni, domin suna son su ga ko da gaske kake, a nan ne mafi yawa ke sarewa su koma gidan jiya. Ka kira iyayen yara biyu ko uku da suka fi wahalar da kai tun kafin wani sabon laifi, ka fara da abin kirki ɗaya da ka gani a wurin ɗansu sannan ka faɗi abin da kake buƙata, iyayen da kullum sai da ƙara ake kiransu in suka ji haka sukan koma bayanka. Ka nemi wani malami da ka yarda da shi ya zauna a bayan ajinka darasi ɗaya ya rubuta maka sau nawa ka yi gargaɗi baka cika ba, da ɓangaren ajin da baka taɓa takawa ba. Makin da ka riga ka bayar kuma kar ka koma ka zaftare, ka barshi yadda yake, ka kawo sabon ma'aunin a rubuce ka ce daga aiki na gaba da wannan za a duba, kuma aikin farko a ƙarƙashinsa ka basu damar gyarawa su sake miƙowa sau ɗaya.